Giya Ta Yi Tauri a Tsohuwar Mota: Yadda Ake Gano Ciwon, da Yadda Ake Buɗe Giyabos a Gyara

Tun da muka sallami wata Fijo 504 mai ƙofa biyu ta wani dattijo daga Daura, ban huta da tambaya ba. Wasu a gareji, wasu ta waya, wani ma a bakin masallaci ya tare ni bayan an idar da Juma'a. Kukan duk iri ɗaya ne: tsohuwar mota ta gado, inji lafiya lau, amma giya sai an yi kokawa da ita. Amsar ta fi ƙarfin tsayuwar bakin titi, shi ya sa na zauna na jero ta daki-daki.

Waccan motar zan riƙa misali da ita. Irin 504 ɗin nan ce da kamfanin Pininfarina na Italiya ya tsara wa jiki, aka fara fitar da ita a 1969 aka daina a 1983. Da wuya ka ganta a titin Katsina, amma giyabos ɗinta mai lamba huɗu, wanda Peugeot ke kira BA7, gida ɗaya suka fito da na 504 ɗin da aka yi ta haɗawa a Kaduna tun 1975. Saboda haka mai salun da mai fikof duk za su ƙaru. Wanda ke da Datsun 240Z, ko MGB, ko tsohuwar Marsandi, matakan bincike ba su canza ba; inda aka bambanta zan faɗa.

Matakai shida na farko babu sauke giyabos a cikinsu, kuma kada ka tsallake ko ɗaya. Na sha ganin an sauke giyabos mai lafiya, an farke shi, an mayar, taurin na nan, ashe robar kulocin ƙasa ce ta mutu, wato ƙaramin silindar mai da ke jikin giyabos yana tura kuloci.

1. Fara da baki kafin sifana

Tambayoyi huɗu ne. Duk lambobin ne suka yi tauri ko guda ɗaya? Da safe kawai, ko har bayan mota ta yi zafi? Taurin shiru ne ko da ƙara? Me aka taɓa mata na ƙarshe, ko kuwa ta daɗe a ajiye?

Da na tambayi dattijon nan, sai ya ce, “Malam, da asuba in zan fita, wallahi kamar tuwo nake tuƙawa ba mota ba. In rana ta ɗaga sai ta saki. Amma lamba biyu, ko da azahar ne sai ta yi mini tsawa.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ai ka yi mini rabin aikin.” Ciwo biyu ya faɗa bai sani ba. Taurin sanyin safiya na mai ne, tsawar lamba biyu kuwa ta sinkiro ce, wato zoben da ke daidaita gudun giya kafin haƙora su haɗu.

2. Gwaji inji a kashe

Mota a tsaye, birkin hannu a ja, inji a kashe. Taka kuloci ka zaga lambobin duka har da ribas. In ɗaya ta ƙi, a ɗan tura motar taku guda a sake gwadawa, wani lokaci haƙora ne kawai suka yi karo da juna.

In duk sun shiga sumul, to sanduna da fok-fok na ciki, wato ƙarafan da ke tura giya, suna tafiya daidai, ka wuce zuwa mataki na 3. In kuwa da taurin ko inji a kashe, ka shiga ƙarƙashi. A 504 sandar giya ba kai tsaye take shiga cikin giyabos ba, akwai ƙananan sanduna masu bushin da ke kai saƙo, kuma wadda giyarta ke jikin sitiyari ta fi yawan gaɓoɓi. Ƙurar hunturu da tsohon giris sukan haɗu su zama kamar laka busasshiya a gaɓoɓin nan. Cire sandunan daga jikin giyabos, ka motsa hannuwan giyabos ɗin da hannunka. In sun tafi ba gardama, to ciwon a waje yake: wanke da kananzir, canza bushin da ya cinye, sa sabon giris. Ka duba kujerun inji ma. In robarsu ta zauna ko ta yage, inji yakan karkata ya ja sandunan su kauce.

3. Gwajin ribas

Wannan gwajin ya fi kowanne arha kuma shi ya fi faɗin gaskiya. A waɗannan tsofaffin motoci ribas ba ta da sinkiro, don haka ba ta iya rufa wa kuloci asiri.

Tada inji ya yi zafi, ka tabbata silo, wato gudun inji a tsaye, bai yi sama ba. Taka kuloci har ƙasa, ƙirga biyar, sannan ka sa ribas a hankali. In ta shiga shiru, kuloci yana saki. In ta yi garrr, kuloci bai gama sakin inji ba, shaf ɗin gaba, wanda ke shigo da ƙarfin inji cikin giyabos, na ci gaba da juyawa, kuma duk giyar da ka nema sai ta yi tauri.

In ta yi ƙarar, buga fedar sau biyar da sauri ka sake gwadawa. Ta gyaru? Iska ce a layin mai, ko robobi sun gaji. Sai kuma ka sa lamba ɗaya a fili mai lebur, ka riƙe kuloci a ƙasa kamar rabin minti. In motar ta fara rarrafe da kanta, kulocin sama ne, wato silindar man da feda ke turawa, yake zubar da ƙarfinsa ta ciki, ko da ba ka ga ɗigon mai ko ɗaya a waje ba.

Hattara: kafin wannan gwajin ka kori yara daga gaba da bayan mota, ƙafar dama kuma tana kan birki.

4. Kuloci

Fara da abin dariya: ɗaga kafet. Na taɓa samun mota da kafet biyu da tabarmar roba a ƙarƙashin feda, kulocin ba ya kai ƙasa. Ciwon ke nan gaba ɗaya.

Daga nan duba gwangwanin mai. Leƙa ƙarƙashin sitiyari inda sandar feda ta shiga kulocin sama, in wurin ya jiƙe robarsa ta tafi. Je ka kulocin ƙasa a jikin giyabos, ja robar bakinsa baya, in mai ya tsiyayo shi ma ya tafi. A canza robobi in cikin silindar na da santsi. In tsatsa ta ci shi ya yi rami-rami, sabon roba ba zai yi wata biyu ba, a sayi sabo dungurungum.

Cire iska aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya buga feda ya riƙe a ƙasa, ɗaya ya kwance ɗan notin iska, mai ya fita, ya ɗaure, sannan a saki feda. A yi ta yi har kumfa ya ƙare, ana ƙara mai a gwangwani kada ya ƙafe.

Hattara: man birki ake sa wa, DOT 3 ko DOT 4. Baƙin mai ko jan mai in ya shiga, robobin kumbura suke yi su lalace. Kuma man birki yana cin fenti, a shimfiɗa tsumma a kan fenda.

In layin mai lafiya yake amma ribas ba ta daina ƙara ba, ciwon na cikin ƙoƙon kuloci: fileti, wato faifan kuloci, ya lanƙwashe, ko tsatsa ta riƙe shi a kan zaren shaf, ko ɗan bushin da ke tsakiyar fulawil, babban faifan bayan inji, ya kama kan shaf ɗin. Motar da ta yi damina guda a ajiye ta fi yin haka. Wannan sai an sauke giyabos, amma ba sai an buɗe shi ba.

5. Mai

A nan ne aka fi cutar tsofaffin motoci, kuma da kyakkyawar niyya ake yi. Yaro ya ga giyabos na ɗan kuka, sai ya ɗura masa mai mai kauri, lamba 140, wai ya yi shiru. Kukan zai ragu, gaskiya ne. Amma sinkiro da gogayya yake aiki, sai ya matse man da ke tsakaninsa da mazauninsa ya fitar kafin ya kama. Mai in ya yi kauri kamar zuma, a sanyin Disamba da Janairu na Katsina, ba ya matsuwa. Direba kuma sai ya ƙara ƙarfi, ƙarfin nan ya riƙa cin sinkiro kullum safiya.

Kowace mota da abincinta. BA7 na Fijo baƙin man inji aka tsara masa, kimanin lita 1.15. MGB ma man inji take sha, 20W-50. Tsofaffin Marsandi masu giyar hannu irin W123 jan man giyar otomatik ake zuba musu. Datsun 240Z man giya take so, mai alamar GL-4. Mai alamar GL-5 na aksul ɗin baya ne. Sinadaran da ke cikinsa sun yi wa sinkiro santsi da yawa, wasunsu kuma ba sa jituwa da tagulla in zafi ya yi yawa. Kada ka yarda da “ai duk mai ne”.

Yadda za ka yi: zaga da motar ta yi ɗumi. Kwance notin zubawa na gefe tukuna, sannan na tsiyayewa na ƙasa. In ka fara da na ƙasa, na gefen ya ƙi kwantuwa, ka zauna da giyabos ba mai. Tara man a farin roba mai tsabta, ka fita da shi rana ka karkata.

Abin da za ka gani shi ne labarin cikin. Ƙura mai ƙyalli kamar kwalli, mai ruwan zinariya ko fari, sinkiro ne ke narkewa a hankali. Ɗan baƙin taɓo mai laushi a jikin noti ba komai ba ne. Gutsattsarin ƙarfe kamar tsakin shinkafa kuwa, boris ko haƙori ya fara ɓarewa, kada motar ta sake hawa titi. In man ya yi fari kamar kunu, ruwa ya shiga. In ɗan kaɗan ya fito, to yoyo ne, a nemo inda yake.

Na dattijon nan da muka kwance, man bai zubo ba, saukowa ya yi kamar igiya. Muka zuba wanda ya dace har ya fara dawowa ta ramin gefe, na ce ya je ya yi kwana uku. Ya dawo ya ce tuwon ya ƙare, saura tsawa.

6. Gwajin hanya

Nemi titi marar cunkoso. Hau lambobin ɗaya bayan ɗaya, ka sauko da su. Wadda ta yi ƙara, gwada ta da taka biyu: taka kuloci, dawo firi, saki kuloci, ɗan taɓa totur in sauka za ka yi, sake takawa, sa giyar. In da haka ta shiga shiru, sinkiron wannan lambar ya mutu, kai ne ka yi masa aikinsa da ƙafa. Lamba biyu ta fi mutuwa, don ita ake wahalarwa a cikin gari, daga shataletale zuwa shataletale.

Kashe rediyo ka saurara. Kuka a firi wanda ke ɗaukewa in ka taka kuloci, daga boris ɗin cikin giyabos yake, yawanci na shaf ɗin gaba. Kukan da sai ka taka yake zuwa, rilis boris ne, wanda ke danna kuloci ya saki inji. Kuka a ɗaya da biyu da uku wanda ke raguwa sosai a huɗu, shaf ɗin ƙasa ne, domin a lamba huɗu ƙarfin inji miƙewa yake yi kai tsaye bai bi ta kansa ba. Giyar da ke fita da kanta in ka ɗaga ƙafa daga totur, ƙananan haƙoran kamu sun cinye, ko fok, ko sifirin ɗin da ke riƙe sanda.

Rubuta duk abin da ka ji. Da takardar nan za ka shiga ciki.

7. Lissafi da kayan aiki

Farashin kaya dala yake bi, na wannan makon ba shi ne na gobe ba, don haka kwatanci ya fi amfani. Mai da robobin kuloci su ne mafi sauƙi. Saitin kuloci, wato fileti da diskin da ke matse shi da rilis boris, ya ninka su nesa. Sinkiro biyu da boris da sil sukan kai ko su wuce kuɗin giyabos na Beljiyam guda. Shi ya sa za ka ji ana cewa a sayi na Beljiyam a huta. Ni ban cika so ba. Giyabos ɗin 504 da za ka samu yau a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna shi ma ya yi shekaru yana aiki, ba ka san wace taksi ya ja ba. Amfaninsa ɗaya: ka saye shi don ka ciri kaya, in haƙori ko shaf ne ya lalace a naka. In za ka saya, juya shaf da hannu a kowace lamba, leƙa cikin ramin mai da fitila, kuma a yi sharaɗin mayarwa a gaban shaida.

Kada ka sayi kayan ciki sai ka buɗe ka gani, sannan ka tafi kasuwa da tsofaffin a leda. A daidaita kuɗin aiki tun kafin a kwance noti, kuma mai mota ya karɓi duk abin da aka cire.

Kayan aiki: soket da sifana daga 8 zuwa 19, alanki, filayar cire zoben kulle, fula ta jan boris, ƙaramin fanci na fitar da fil, gudumar roba, ma'aunin tsakani mai ganyayyaki, sifanar awon ɗauri, jak da sanduna masu ƙarfi na tokare mota, kananzir, gam ɗin haɗa ƙarfe. Sai kiret ɗin ƙwai biyu na ƙananan kaya, da waya mai caji don hoto. Ware kwana uku.

8. Saukewa

Cire kan batir. Tsiyaye mai. Kwance kik, salansa daga gaba, wayar sifido, wayar fitilar ribas da sandunan giya. Kulocin ƙasa a cire shi a rataye da waya ba tare da an buɗe bututunsa ba.

Fijo tana da nata hali a nan. Furofelarta a cikin bututun ƙarfe take, wanda ya haɗe giyabos da aksul ɗin baya, ba irin ta sauran motoci ba da za ka kwance noti huɗu ka sauke. Ko dai a sassauta aksul a ja shi baya da bututun har shaf ya zare, ko a ɗaga inji ta sama a samu wuri. In akwai abin ɗaga inji, hanya ta biyu ta fi kwanciyar hankali, kuma za ka ga bayan inji da kyau.

Hattara: in inji zai karkata, duba fanka kada ta soki lagireto. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin tokare mota ba ne, fashewa yake yi ba sallama. Lokacin zarewa a tallafi giyabos ya fito a miƙe. In nauyinsa ya rataya a kan shaf, fileti zai lanƙwashe.

9. Buɗewa

Wanke bayansa tas kafin ka kwance komai. Nemi ɗaki ko shago mai ƙofa, a yayyafa ruwa a ƙasa, a shimfiɗa kwali a kan tebur. Buɗe giyabos a fili lokacin hunturu, ga iska na kwaso rairayi, daidai yake da zuba masa yashi da hannunka.

Cire rilis boris da fok ɗinsa, sai ƙoƙon kuloci na gaba, sai makunnin fitilar ribas da ɗan giyar sifido, sai murfin baya. Gangar jikin BA7 ta alminiyam ce, ɓari biyu kamar ƙwarya. Kwance farantin da ke riƙe boris na baya, kwance notocin da suka haɗa ɓarin biyu, kwantar da shi, ka ɗaga na sama. In ya ƙi, ɗan bubbuga da gudumar roba. Kada ka cusa sukudireba a tsakani. Fuskokin nan babu gasket a tsakaninsu, tabo ɗaya ya isa ya sa yoyo har abada.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto ta kowane gefe. Sannan ka ɗago shaf-shaf ɗin tare.

Daga nan sai natsuwa. Duk abin da ka zare daga shaf, jera shi a kan tebur daga hagu zuwa dama yadda ya fito, fuskar da ke kallon gaba tana sama. Ni tsohuwar wayar lantarki nake zura musu kamar carbi. Sinkiro da cibiyarsa a yi musu alama da fenti don su koma yadda suka saba zama. Washoshin nan sirara kamar takarda da za ka samu a bayan boris, su ne ma'aunin da aka daidaita giyabos ɗin da shi tun daga masana'anta. Kowanne da ramin kiret ɗinsa, da rubutu.

Hattara: sandunan fok suna da ƙananan ƙwallayen ƙarfe da sifirin a bayansu. Rufe ramin da tsumma kafin ka zare sanda. Wani yaronmu ya taɓa zarewa haka kawai, ƙwallon ya yi tsalle ya faɗa cikin yashi. “Oga, na ga inda ya faɗa,” in ji shi. Har la'asar muna tankaɗe ƙasa da rariya. Akwai kuma 'yan sanduna ƙanana tsakanin sandunan, su ke hana giya biyu shiga lokaci guda. In aka manta ɗaya, ranar da biyu suka shiga tare giyabos ya gama yawo.

10. Abin da za ka duba

Wanke komai da kananzir, bar shi ya bushe, ka duba a haske.

Sinkiro tukuna. Aikinsa na birki ne: zobe mai laushi yana matse wani mazauni mai siffar mazurari, ya daidaita gudun giya da na shaf kafin haƙora su haɗu. A cikin zoben akwai siraran zare. Shafa da farce. In farcenka bai kama komai ba, ya yi sumul yana ƙyalli, ya mutu. Ɗora shi a mazauninsa ka danna ka murɗa. Mai rai zai cije, matacce zai zame. A motocin da zobensu na tagulla ne mai zaman kansa, kamar Datsun, ana auna tazarar da ta rage tsakaninsa da giya. Ɗora sabo ka auna, ɗora tsoho ka auna, bambancin zai ba ka amsa. Na Fijo yawanci a haɗe ake sayar da shi, ɗaya na lamba ɗaya da biyu, ɗaya na uku da huɗu. Tunda an riga an buɗe, ni duka biyun nake canzawa in aljihu zai ɗauka.

Sai ƙananan haƙoran kamu da ke gefen kowace giya. Ya kamata bakinsu ya zama da tsini kamar rufin bukka. In sun daƙushe sun yi mulmul, ko sabon sinkiro ka sa giyar za ta riƙa fita. Manyan haƙora a duba ɓarewa da ƙananan ramuka. Fok a sa shi cikin kwarminsa a girgiza. In ya yi shuɗi ko ya sirance a baki, alamar direba ne mai ɗora hannu a kan sandar giya yana tafiya, a gaya masa ya daina.

Boris a ɗiga masa mai a juya a hankali kusa da kunne. Ƙaiƙayi ko tsalle, a jefar. Kada a busa shi da iskar kwamfireso yana juyawa a bushe. Kan shaf inda ya shiga cikin na gaba akwai ƙananan allurai, a ƙirga su, a duba wurin zamansu.

A kasuwa, ƙirga haƙoran tsohuwar giya ka ƙirga na sabuwar. Suna ɗaya ba ya nufin lissafi ɗaya, na fikof da na salun ba lallai su zo daidai ba. Boris kuwa jabu ya yi yawa. Kwali mai kyau ba hujja ba ne, duba rubutun da ke jikin ƙarfen, ka saya inda za ka iya komawa.

11. Haɗawa

Bi carbinka daga dama zuwa hagu. Kowane abu a shafa masa man da giyabos ɗin zai sha kafin ya hau. Sabon boris a ɗumama shi cikin mai mai zafi, kada ya wuce digiri 120, zai zame ya zauna da kansa. Ba a gasa shi da wutar walda. In sai an buga, a sa bututu a kan zoben ciki kaɗai. Zoben kulle da fil da aka cire a sa sababbi, kuma a juya zoben a kwarminsa a tabbata ya zauna.

Duk giyar da ka sa, juya ta. Ta yi yawo sakayau ba tare da ta yi kaɗa-kaɗa gaba da baya ba. In ka canza boris na shaf ɗin ƙasa ko wata giya, tsofaffin washoshi ba lallai su yi daidai ba. Boris ɗin nan masu siffar mazurari suna son ɗan matsi: ya yi yawa su ƙone, ya yi kaɗan su yi kuka. Wannan awon in ba ka da kayansa da littafin motar, ɗauki giyabos ɗin ka kai wa tsohon bakaniken Fijo, ka biya shi na awon kaɗai. Ba abin kunya ba ne, ni ma haka na fara.

Sa fok-fok a firi, kwantar da shaf-shaf, tabbata kowane fok ya shiga kwarminsa. Gam siriri kamar zare a fuskar ɓari. In ya yi yawa, ragowar cikin mai take faɗawa ta toshe hanya. Ɗaure notoci daga tsakiya zuwa waje, kaɗan-kaɗan, kana juya shaf tsakanin kowane zagaye. Alminiyam ba ya son ƙarfin tuwo, zarensa tsinkewa yake yi. Sababbin sil, a shafa wa leɓensu mai.

Kafin ya bar tebur, sa kowace lamba da hannu ka juya shaf ɗin gaba kana kallon na baya. A huɗu su juya daidai da juna, a ribas na baya ya koma baya, a firi ka iya riƙe na baya na gaba na juyawa.

12. Mayarwa da fita hanya

Tunda hanya a buɗe take, canza saitin kuloci in ya ci rabi, da bushin tsakiyar fulawil. Duba bayan inji ko yana yoyo, don mai in ya taɓa sabon fileti an yi asara. Fileti yana da gaba da baya, duba rubutun jikinsa. Saita shi a tsakiya da tsohon shaf kafin ka ɗaure diski. Giris a kan zaren shaf ɗan kaɗan, a goge ragowar.

Hattara: in giyabos ya ƙi haɗuwa da inji saura yatsa biyu, kada ka jawo shi da noti. Sa giya, juya shaf ta baya har zare ya faɗa, zai shige da kansa. Jan noti ya fasa ƙoƙon kuloci da yawa.

Zuba mai kafin ka mayar da komai na ƙarshe, ka ɗaura tsumma a sitiyari har sai an zuba, don mantuwa. Tada inji, bar shi a firi minti goma, maimaita gwajin ribas. Zaga cikin gari tukuna, daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa da dawowa ya isa, ka tsaya ka leƙa ƙasa. Sabon sinkiro yakan ɗan yi tauri kwanakin farko, kada ka tilasta shi. Ɗora hannu a hankali ka ba shi lokaci ya kama. Bayan kamar kilomita 1,000 a zubar da man a sake sabo, a kuma duba shi a rana kamar yadda aka yi a mataki na 5.

Ta dattijon, ni na tuƙa ta na kai masa Daura ta hanyar Mashi, tafiyar kusan kilomita 80. A hanya na yi ta ɗaga ƙafa a lamba uku da biyu in ga ko za su fita, ba su fita ba. Da na isa ya karɓi makulli, ya zaga bayan gida ya dawo, ya sauko daga uku zuwa biyu a bakin ƙofa ba ƙara. Bai ce komai a kan giyar ba. Ledar tsofaffin kayan ya buɗe, ya ɗauko mataccen sinkiron yana juya shi a hannu, sannan ya tambaye ni sunan man da muka zuba, ya sa jikansa ya rubuta a bangon garejinsa da gawayi.